In Saye Ya Fi Sayarwa, Wa Ke Biya?

Kowace shekara in kaka ta yi, aka gama ɗaurin dammuna da sussuka, magidanci mai hankali yakan zauna ya yi lissafi. Ya duba abin da ya shiga rumbu da abin da ya kai kasuwa, sa'an nan ya duba abin da ya fita daga aljihunsa tun daga shuka: kuɗin taki, da na ƙwadago, da tufafin iyali, da na suna da biki. In abin da ya saya ya fi abin da ya sayar, to, ya san akwai giɓi, giɓi kuwa ba ya cike kansa. Ko dai a taɓa ajiya, ko a kama akuya a kai kasuwa, ko kuwa a tafi wurin mai ba da bashi a jinginar da amfanin baɗi.

Ƙasa ma haka take. Akwai kayan da take fitarwa ta sayar wa waɗansu ƙasashe, akwai kuma waɗanda take sayowa daga wurinsu. In na sayowa suka fi na fitarwa kuɗi, shi ne masana ke kira giɓin ciniki. Mutane da yawa in suka ji kalmar nan sai su ɗauka ita ce cutar da ke hana ƙasa arziki, su ce a rufe iyaka kawai a huta. Waɗansu kuma suka ce a'a, cutar tana ga girman Gwamnati, watau yawan ma'aikatu da ma'aikata da kuɗin da suke lashewa. Kowanne da gaskiyarsa, amma guntuwa ce. Giɓin ciniki kamar zafin jiki yake, yana nuna akwai abin da ke faruwa a ciki, amma sai an bincika za a san ko zazzaɓi ne ko kuwa gumin aiki. Tambaya biyu ce ke warware maganar. Me aka sayo da kuɗin? Wa kuma zai biya?

Mai karatu ya ɗauki manoma biyu a ƙauye guda, kowannensu ya ci bashi bana. Na farko ya sayi shanun huɗa biyu da garma. Na biyu ya ƙara aure, ya kira makaɗa, aka kwana bakwai ana shagali. In akawu ya duba littafinsu a watan nan, giɓinsu ɗaya ne. Amma bayan damina uku, na farko ya biya bashinsa har yana yi wa maƙwabta huɗa ana biyansa, na biyu kuwa gonarsa tana hannun jingina.

Koriya ta Kudu ita ce manomin farko. Tun daga farkon shekarun 1960 har zuwa 1985, kusan kowace shekara sayenta ya fi sayarwarta. Amma abin da take sayowa injuna ne da ƙarfe da auduga da man fetur, ta sarrafa, ta fitar da yadi da takalma, daga baya ta kai ga jiragen ruwa da motoci. A 1986 ciniki ya juya, sayarwa ta fi saye. Kusan duk tsawon shekarun giɓin nan arzikinta hauhawa yake yi. Amurka ma tun 1976 ba ta ƙara ganin shekarar da kayan da ta fitar suka fi waɗanda ta shigo da su ba, amma ita kada a yi koyi da ita, gama duniya duka na neman kuɗinta don ajiya. Wanda ake karɓar takardarsa a matsayin kuɗi, ba sa'an talaka ba ne wajen cin bashi.

Nijeriya fa? Abin mamaki, a shekaru masu yawa sayarwarta ce ta fi sayenta, albarkacin man fetur. A 1974 rarar da ta samu har ta rasa inda za ta sa. Duk da haka, a cikin shekarun nan ne noman sayarwa na Arewa ya durƙushe. Ashe rara ma ba ta isa shaidar lafiya ba. Labarin gyaɗa ya isa ya nuna yadda abin ya faru.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai auduga za a riƙa lodawa, amma manoma da fatake suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, ga ta kuma ana iya ci in kasuwa ta ƙi. Tun daga 1912 ciniki ya buɗe. Babu wata ma'aikata da ta ba da umurni, farashi ne ya yi kira manomi ya amsa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shimfiɗa 'yan baranda da sikeli har ƙauyuka. Buhuna suka yi yawa har jirgi ya kasa kwashewa a kan kari, shi ya sa aka riƙa jera su ana yin dala. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya, a waɗansu shekarun ma abin da aka fitar ya haura tan rabin miliyan. Da kuɗin gyaɗa da auduga da koko da manja da ƙwara ake sayo gishiri da kananzir da kwanon rufi da keke.

Tun kafin fetur, Gwamnati ta riga ta sa cokalinta a ƙwaryar nan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka fara tsarin da hukuma ce kaɗai ke da ikon fitar da amfanin gona. A 1949 aka kafa hukumar gyaɗa ta musamman, a 1954 kuma aka mai da abin hannun jihohi, Arewa ta sami tata Hukumar Ciniki. Hujjar da aka bayar mai daɗin ji ce: a shekarar da farashi ya yi kyau a Turai za a rage wa manomi a ajiye masa, in farashi ya faɗi a cika masa. Ajiya kam an yi, gama kafin 1954 hukumomin nan sun tara kusan fam miliyan 120. Cikawar ce ba a cika gani ba. Wani masanin tattalin arziki mai suna Gerald Helleiner ya bi lissafin shekarun 1947 zuwa farkon 1960, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga hannun mai gyaɗa, hukuma da haraji ne suka riƙe. Watau kowane buhu huɗu, ɗaya na Gwamnati ne, ban da harajin kai da jangali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba duka kuɗin nan ne ya salwanta ba. Wani kaso ya shiga hanyoyi da makarantu da binciken iri a Samaru, da masaƙar Kaduna wadda ta fara aiki a 1957. Gwamnatin wancan zamani ƙarama ce, kuma ta san daga gona abincinta ke fitowa, saboda haka ko tana tatsar saniya ba ta yarda ta mutu ba. Malamin gona yana zagayawa, ana raba irin auduga, ana duba gyaɗa a tantance kafin a loda.

Man fetur ne ya raba Gwamnati da gona. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitarwa a 1958, amma sai bayan yaƙin basasa ya zama uban tafiya. Tsakanin ƙarshen 1973 da farkon 1974 farashin ganga ya tashi daga wajen dalar Amurka 3 zuwa wajen 12. Kuɗin nan kuwa ba ta hannun manomi ko ɗan kasuwa ya biyo ba, kai tsaye baitulmali ya faɗa. Daga ran nan Gwamnati ba ta da sauran bukatar buhun gyaɗa, sai ta shiga kumbura. Jihohi 12 na 1967 suka zama 19 a 1976, kowace da gidan gwamna da sakatariya da kwamishinoni da motocinsu. Aka tsara shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, a kan naira biliyan 30. Gwamnati ta shiga harhaɗa motoci, da sufurin sama da na ruwa, da otal, da takarda, da sukari, har da kiwon shanu.

Sa'an nan ga Udoji. Kwamitin da Jerome Udoji ya shugabanta ya ba da rahotonsa a 1974, aka ƙara wa ma'aikata albashi, na waɗansu ma ya ninka, aka kuma biya su ariyas tun daga Afrilun 1974. Ba wanda zai ce ƙaramin akawu bai cancanci ƙari ba, gama ya daɗe yana shan wuya. Amma kuɗi ya fito gaba ɗaya ya tarar da kaya ba su ƙaru ba. Rediyo da babur da firji suka ƙare a kantuna, aka aika waje a ƙaro. A 1975 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100. Akawu bai daɗe yana murna ba kasuwa ta karɓe ƙarin. Manomi kuwa, wanda ba shi da ariyas, tsadar kaɗai ya samu.

A nan ne ya kamata mai gona ya tsaya ya lura, domin ta hanya biyu girman Gwamnati ya shiga gonarsa ba tare da an aiko masa da takardar haraji ba.

Hanya ta farko ƙwadago. Gine-gine sun tashi a Ikko da Kaduna da Kano da kowane babban birnin jiha, ɗan kwangila yana biyan lebura abin da mai gona ba zai iya biya ba. Samarin da ke zuwa cin rani su komo da farkon damina sai suka daina komowa. Gandu ya watse, dattijo ya rage shi da fartanya da ƙananan yara. Gyaɗa kuwa amfani ce mai son hannu, daga noma zuwa cira zuwa tsinka zuwa ɓarza.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa, ita ce ƙarfin naira. An fito da naira a Janairun 1973, kuma saboda kuɗin fetur da ke kwararowa aka riƙe ta da tsada, har a 1980 naira ɗaya tana sayen wajen dala ɗaya da santi 80. Mutane suna tuna wannan da alfahari, amma a duba abin da ya yi wa gona. A ce ga buhun shinkafa ana sayar da shi dala 18 a wata ƙasa. Mai shigo da shi naira 10 kacal zai fitar. Manomin fadamar Sakkwato ko Hadeja, wanda kuɗin ƙwadagonsa ya ninka, ina zai iya sayar da nasa a haka? A juya kuma, a ce ga gyaɗar dala 18 an kai Turai. Naira 10 ɗin nan dai ita za ta komo, a cikinta za a fid da kuɗin mota da na hukuma da na ɗan baranda. Ƙarfin naira ya zama tukuici ga mai sayo kayan waje, ya zama tara ga mai fitarwa. Ko da Gwamnatin Tarayya ta karɓi ikon yanke farashi a 1973 ta kuma sassauta harajin amfanin gona, wannan ɓoyayyen haraji ya fi wanda aka cire nauyi.

Ba za a ɗora wa Gwamnati kome da kome ba. Farin 1972 zuwa 1974 daga Allah ne, haka kuma cutar kuturtar gyaɗa da darɓa ta yaɗa a 1975, wadda ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa. Amma an sha yin fari a ƙasar Hausa gyaɗa ta farfaɗo. Wannan karon da manomi ya tashi daga jinya ya duba kasuwa, sai ya ga babu dalilin komawa. Ya shuka gero da dawa don cikinsa, daga baya ya kama masara. Kafin ƙarshen shekarun 1970 fitar da gyaɗa ya tsaya, filin dala ya zama fili, ƙasar da ke sayar wa Turai man gyaɗa ta koma sayo man girki daga waje.

To, me aka sayo da kuɗin fetur? Siminti ya isa misali. A 1975 ma'aikatun Gwamnati suka yi odar tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro kaɗai, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke fiye da wajen tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, kowace rana ana biyansu kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu, sauran kayan 'yan kasuwa kuma sun rasa hanyar shigowa. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka ba da kwangilarta a 1979, ta lashe biliyoyin daloli, aka shekara arba'in ba ta fara aikin da aka gina ta dominsa ba. Wannan ya nuna ko injuna aka sayo, in ba su yi aiki ba, da su da kiɗan biki duk ɗaya ne a littafin bashi. Shinkafar waje, wadda a farkon shekarun 1970 'yan dubban tan ce, ta haura tan dubu 400 a shekara kafin 1980. Alkama ta wuce tan miliyan ɗaya a farkon shekarun 1980, burodi ya zama abincin safe har a ƙauye.

Gwamnati ta ga noma na mutuwa, sai ta nemi magani irin wanda ta sani, watau ƙarin ofis. A 1976 aka yi shirin ciyar da ƙasa na zamanin Obasanjo, aka kuma kafa hukumomin raya kogunan ƙasa. A 1977 aka sake kafa hukumomin ciniki na tarayya, ta gyaɗa a Kano, ta auduga a Funtuwa, ta hatsi a Minna. A 1980 Shugaba Shagari ya kawo nasa shirin bunƙasa noma. Hukumar gyaɗa ta sami ma'aikata da motoci a daidai lokacin da babu gyaɗar saye. Manyan madatsun ruwa sun ci kuɗi mai yawa, a Bakolori kuwa rigimar diyyar gonaki ta kai ga zub da jinin manoma a 1980. Taki mai rahusa an kawo, wannan gaskiya ne, kuma ya taimaki masara. Amma sau da yawa yakan iso bayan an yi noman farko, ya kuma bi ta hannun masu takarda kafin ya kai ga masu gona.

Ranar biya ta zo a 1981. Kasuwar fetur ta yi sanyi. Abin da ake haƙowa ya sauko daga ganga miliyan 2 da 'yan kai a rana a 1979 zuwa ƙasa da miliyan ɗaya da rabi a 1983. Kuɗin da fetur ke kawowa ya faɗo daga wajen dala biliyan 25 a 1980 zuwa wajen biliyan 10 a 1983. Amma baki ya riga ya saba. Albashi ba ya jira, kwangila an sa hannu, birni na neman shinkafa da burodi. Saye ya ci gaba, sayarwa ta karye, nan mugun giɓi ya buɗe. Ajiyar kuɗin waje, wadda ta kai wajen dala biliyan 10 a 1980, ta koma wajen biliyan ɗaya a 1983. Gyaɗa da auduga da manja da za su tare ƙasa a irin wannan rana an riga an bar su sun kwanta. Aka shiga karɓar kaya bashi, arzikin ƙasa ya yi ta raguwa shekara uku a jere. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Wa ya biya? A Afrilun 1982 aka yi dokar tsuke bakin aljihu. Shigo da kaya ya koma sai da lasin, lasin kuwa ya zama haja, wanda ya san wani ya samu ya sayar wa ɗan kasuwa na gaske. Masana'antun Kano da Kaduna suka rasa kayan gyara da kayan sarrafawa, suka rage ma'aikata. A 1984 aka sallami dubban ma'aikatan Gwamnati, mutane suka yi ta bin layi don madara da sabulu da sukari. Akawun da ke karanta wannan shafi ya lura: lokacin da Gwamnati ke kumbura ba shi ya ci kwangilar siminti ba, amma da ta tashi ramewa ta kansa aka fara. A 1986 fetur ya ƙara faɗuwa, aka kawo shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Babangida, naira ta sauko zuwa wajen huɗu a dala ɗaya cikin 'yan watanni. Bashin da aka fara tarawa a shekarun nan ya yi ta haihuwa, har a 2005 abin da ƙasashen Ƙungiyar Paris ke bin Nijeriya ya kai wajen dala biliyan 30. Suka yafe biliyan 18, aka biya biliyan 12 da 'yan kai, aka rufe littafin a 2006. Yaran da aka haifa bayan jiragen siminti sun tafi, su ma sun biya, ta wajen aji marar benci da asibiti marar magani.

Wani zai ce ai duk ƙasar da ta sami fetur haka take yi. Indunusiya ta ƙaryata wannan. Ita ma fetur take sayarwa a shekarun nan, ita ma soja ke mulkinta, cin hanci kuwa ba a magana, har kamfanin manta na Gwamnati ya kusa nutsar da ita da bashi a 1975. Amma ta zuba kaso mai kauri na kuɗin a gyaran hanyoyin ban ruwa, da taki, da sabon irin shinkafa, da hanyoyin ƙauye, da makarantun firamare. Ta kuma rage darajar kuɗinta da gangan a 1978, ta sake a 1983 da 1986, don kada mai noma da mai fitar da kaya su karye. Ƙasar da a ƙarshen shekarun 1970 ta fi kowa sayen shinkafa a duniya, a 1984 ta ciyar da kanta. Gwamnatinta ba ƙarama ba ce. Bambancin, nauyinta ya sauka a inda ake shuka.

Wannan ya kawo maganar awo. Masana sukan auna girman Gwamnati da kason da take kashewa cikin dukan abin da ƙasa ta samar a shekara. Da wannan mudu, Gwamnatocin Denmark da Sweden suna kashe wajen rabi, mutanensu kuwa suna cikin wadata. Na Nijeriya, in aka haɗa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba a shekarun 2010 zuwa 2020. Ashe a mudun masana Gwamnatin nan ƙarama ce! Amma direban da ya ɗauko albasa daga Aliero ko tumatir daga Kadawa zuwa Kudu, ya ƙirga shingayen da aka tsai da shi, ba zai yarda ba. Jihohi sun kai 36 tun 1996, ƙananan hukumomi 774. Kwamitin Oronsaye ya ƙirga hukumomin tarayya 541 a 2012, ya ce a haɗe waɗansu a soke waɗansu. A 2022 tallafin man fetur kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan 4, kafin a cire shi a Mayun 2023, kuma a watanni huɗun farko na 2022 kuɗin biyan bashi ya zarce duk abin da Gwamnatin Tarayya ta samu. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 za su ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafi, kasafin tarayya kuwa ya yi shekara da shekaru bai kai rabin haka ba. Gwamnati ce mai ƙaton kai da siraran ƙafafu, ta yi yawa a kan hanya da teburin lasin, ta yi ƙaranci a bakin gona.

Masu cewa a rage Gwamnati ko ta halin ƙaƙa su ma su tuna da 1986. A shekarar aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya. Manomi ya sami 'yancin sayar wa wanda ya ga dama, farashin koko da auduga ya tashi a hannunsa, wannan alheri ne. Amma tare da ofisoshin banza aka zubar da aikin da ke da amfani. Tantance kaya ya yi rauni, irin auduga ya cakuɗe, masu saye a waje suka fara rage wa kayan Nijeriya daraja. An kori mai cin buhu ɗaya cikin huɗu, an haɗa da mai duba sikeli.

Masu cewa a rufe iyaka kuma, an gwada nasu. An hana shigo da alkama a 1987, aka ce Kadawa da gaɓar Tafkin Chadi za su wadatar, fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya, a 1992 aka janye dokar. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mai shinkafa ya ga farashi mai kyau, injinan casa sun ƙaru, amma abinci ya yi tsada a kan talaka, fataken Jibiya da Illela da Maigatari da 'yan'uwansu na Maraɗi da Ƙonni suka zauna ba ciniki, 'yan fasa-ƙwauri kuwa kasuwarsu ta buɗe. Doka tana iya hana buhu shigowa ta ƙofa, amma ba ta sa kadada ɗaya ta ba da buhu arba'in maimakon ashirin. Wannan aikin iri ne da ruwa da taki da hanya.

Hanyar da ke rage giɓi ba tare da an matse cikin kowa ba ita ce a ƙara abin sayarwa, kuma manoman Arewa sun nuna suna iyawa in farashi ya kira su, kamar yadda kakanninsu suka yi a 1912. Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai yana tafiya Japan da Sin da Turkiyya. Cittar kudancin Kaduna da zoɓo da ƙaro suna fita, kasuwar Dawanau ta zama matattara. Babu wata hukumar riɗi da ta yi wannan.

Inda ake bukatar hukuma kuwa, ga wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwari a cikinsa fiye da ƙima, irin wanda masu ajiya ke zubawa don gudun ƙwaro. A 2016 aka ƙara wa hanin shekara uku. Abin da aikin ke nema ba shi da yawa: malaman gona da za su koya wa mutane ajiya a buhu mai leda biyu wanda ke kashe ƙwaro ba magani, da ɗakin gwaji kusa da manyan kasuwannin hatsi, da ma'aikacin da zai ƙi sa hannu a kan buhun da bai ci jarrabawa ba ko an ba shi goro. Kuɗin wannan duka bai kai na sakatariya ɗaya ba. Da aka rasa shi, manomin da bai taɓa zuba wa wakensa kome ba ya rasa kasuwar tare da wanda ya zuba.